Yadda ake gano inda sadarwa ta katse idan na'urar gajimare ta ƙi amsawa

Na'urar da aka yi haya a gajimare, wato kwamfutar wani kamfani da ake amfani da ita ta intanet, wadda masu aikin ke kira VM, tana iya kasancewa a kunne lafiya lau amma ba mai iya isa gare ta. Shafin kamfani na nuna tana aiki, kuɗin haya na tafiya, SSH kuwa, hanyar shiga na'urar daga nesa, ya tsaya cik. A nan ne ake faɗawa taɓe-taɓe: a sake kunna na'ura, a buɗe duk ƙofofi (port, lambobin da manhajoji ke sauraro a kansu), a goge wannan a ƙara wancan, har a rasa abin da ya gyaru da abin da ya ƙara lalacewa. Alhali fakitin da ya bar kwamfutarka, wato ɗan ƙullin bayanan da ka aika, wurare sanannu yake ratsawa kafin ya isa manhajar da ke cikin na'urar, kuma a ɗaya daga cikinsu ya maƙale. Bin su za ka yi ɗaya bayan ɗaya, ka canza abu guda, ka gwada, sannan ka matsa gaba.

Misalin da za mu bi shi ne na'urar EC2 ta AWS, gajimaren kamfanin Amazon, mai ɗauke da Ubuntu, wani nau'in Linux. Inda Azure ko Google Cloud suka sha bamban, za a ambata.

Fara da karanta abin da kuskuren ya ce

Kafin ka buɗe shafin AWS, sake gwada shiga daga kwamfutarka, ka sa adireshin na'urarka a madadin na misalin:

ssh -v -i makulli.pem ubuntu@203.0.113.10

Harafin v yana sa SSH ya riƙa faɗin inda ya kai. Idan wata ƙofa kake gwadawa, kamar 443 ta shafin intanet, yi amfani da nc -vz 203.0.113.10 443. A Windows kuma, Test-NetConnection 203.0.113.10 -Port 443 a cikin PowerShell.

Idan amsar ita ce "Connection timed out", kamar ka yi sallama a ƙofar gida ne aka yi shiru. Fakitinka ya tafi, ba abin da ya dawo. Haka katangun tsaron gajimare suke yi, suna haɗiye abin da ba su yarda da shi ba, ba sa cewa uffan. Zarginka ya tafi kan katangun AWS biyu, wato Security Group da Network ACL, ko teburin hanyoyi, ko adireshin da ya canza.

Idan "Connection refused" ce, an amsa sallamar, an ce wanda kake nema ba ya nan. Fakitin ya isa na'urar, hanya da katangun waje ba su da laifi. Ko dai manhajar ta mutu, ko tana sauraro a wata ƙofa dabam, ko katangar cikin na'urar ce ta mayar da kai. Mai wannan saƙo da ya zauna yana gyaran Security Group ɓata lokacinsa yake yi.

"Permission denied" kuwa ba matsalar sadarwa ba ce sam. Ka isa har ka gaisa da SSH. Duba sunan shiga: ubuntu a Ubuntu, ec2-user a Amazon Linux, admin a Debian. Duba ko makullin shi ne wanda aka ƙirƙiri na'urar da shi, sannan ka yi chmod 400 makulli.pem, domin SSH ba ya karɓar makullin da kowa ke iya karantawa.

Akwai na huɗu mai ruɗarwa: "Connection timed out during banner exchange". An haɗu, amma SSH na can ya kasa ko da gabatar da kansa. Sau da yawa na'urar ce ta shaƙe, ƙwaƙwalwarta ta cika. Ƙaramar t2.micro gigabayit 1 kacal gare ta, kuma ba wuya MySQL da wata manhaja guda su cinye shi.

Kada ka yanke hukunci da ping. Sabuwar Security Group ba ta barin ICMP, irin saƙon da ping ke aikawa, ya shigo sai an ƙara masa doka, saboda haka na'ura mai cikakkiyar lafiya ma tana iya yin shiru ga ping.

Duba ɓangarenka tukuna

Wannan ya fi shafar mai aiki da datar waya ko MiFi, kamar yadda da yawa ke yi a Kano, Zariya ko Maraɗi. Ranar da aka kafa na'urar, an zaɓi My IP a dokar Security Group ta ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH, AWS ya rubuta adireshin wannan lokacin da /32 a ƙarshensa, wato shi kaɗai aka yarda wa. Kamfanonin waya suna raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa, kuma yana canzawa idan layi ya yanke ya dawo. Washegari sai dokar ta daina gane ka. Duba adireshin da duniya ke ganinka da shi yanzu:

curl https://checkip.amazonaws.com

Kwatanta shi da wanda ke cikin dokar. Adireshin da wayarka ke nunawa a saitinta, mai farawa da 10 ko 100.64, na cikin layin kamfanin ne, ba shi AWS ke gani ba. In sun bambanta, sabunta dokar da sabon adireshin. Maganin gajiya da ake yi, wato buɗe ƙofa ta 22 ga 0.0.0.0/0, kowa da kowa ke nan, yana aiki, sai dai ba a daɗewa na'urorin da ke yawo a intanet suna gwada kalmomin sirri su gano ta. Ga wanda adireshinsa ba ya zama wuri ɗaya, Session Manager na AWS, wanda za a yi bayaninsa a gaba, ko VPN irin WireGuard sun fi dacewa.

Haka kuma wifi na ofis ko makaranta kan toshe fita ta ƙofa ta 22. Haɗa kwamfutar da datar wayarka ka sake gwadawa, bayan ka tabbata dokar ta yarda da sabon adireshin. In ta shiga, matsalar ba a gajimare take ba.

Halin na'urar da adireshinta

A shafin EC2, duba Status checks. In System status ne ya faɗi, injin AWS da ke ɗauke da na'urarka ne ke da matsala, kuma tsayar da ita da Stop sannan Start yakan mayar da ita kan wani injin. In Instance status ne ya faɗi, laifin na cikin Ubuntu ne: ko bai gama tashi ba, ko saitin sadarwarsa ya lalace, ko ƙwaƙwalwa ta ƙare.

Stop da Start suna da tarko. Adireshin waje da AWS ya ba ka kai tsaye yana tafiya idan ka tsayar da na'ura, ta tashi da sabo. Reboot ba ya canza shi. Mutum ya tsayar da na'ura da dare don rage kuɗi, da safe ya ci gaba da buga tsohon adireshi, wanda wataƙila ya riga ya zama na wani. In kana da sunan yanki, dig +short sunan zai nuna maka inda yake nufa, ka kwatanta da Public IPv4 address na yanzu. Elastic IP, adireshin dindindin da ake karɓa daga AWS, shi ne ke hana wannan canji. Tun 1 ga Fabrairu 2024 AWS na cajin dala 0.005 a kowace awa kan kowane adireshin IPv4 na waje, ana amfani da shi ko yana ajiye.

In gurbin Public IPv4 address fanko ne, ba yadda za a yi ka iso ta daga intanet kai tsaye ta IPv4, kome kyawun dokokinka.

Teburin hanyoyi

Danna sunan sabnet ɗin da na'urar ke ciki, wato yankinta a cikin VPC, keɓaɓɓiyar hanyar sadarwarka a AWS, ka buɗe Route table nasa. Layi biyu kake nema: na cikin gida, misali 10.0.0.0/16 zuwa local, da 0.0.0.0/0 zuwa wani abu mai farawa da igw-, wato Internet Gateway. Wannan layi na biyu shi ne kawai abin da ke mayar da sabnet na fili. In ya nufi nat-, wato NAT Gateway, na'urar tana iya fita amma ba a shigo mata. In an rubuta blackhole a gefensa, an goge mashigar da yake nufa. Sabnet ɗin da ba a haɗa shi da wani teburi a fili ba yana bin babban teburin VPC ne, kuma a nan ake yawan gyara teburin da bai shafi na'urar ba.

Katangu biyu na AWS, da bambancin da ke tsakaninsu

Security Group tana manne da katin sadarwar na'urar. Dokokin yarda kawai take da su, abin da ba a rubuta ba an hana shi. Tana kuma tuna haɗin da ta bari ya shigo, don haka amsarsa tana fita ba tare da wata doka ba. Buɗe ta daga shafin na'urar kanta, ƙarƙashin Security, saboda a asusun da ke da guda goma masu kusan suna ɗaya, gyara wadda ba ta manne da na'urar abu ne mai sauƙin faruwa. A Inbound rules tabbatar da abu uku: nau'in TCP ne, lambar ƙofa daidai ce, kuma Source ya ƙunshi adireshinka. Lura da IPv6, sabon tsarin adireshi: dokar 0.0.0.0/0 ba ta shafe shi ba, nasa ::/0 ne.

Network ACL tana bakin sabnet ne, kuma halinta dabam. Ba ta tuna kome. Kowane fakiti, mai shiga ko mai fita, sai ta auna shi shi kaɗai. Dokokinta na da lamba, ana karanta su daga ƙarama zuwa babba, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, ba a duba sauran. Dokar hani mai lamba 90 za ta rinjayi dokar yarda mai lamba 100.

Inda take kama mutane shi ne wajen amsa. Lokacin da kwamfutarka ta nemi ƙofa ta 22, ita ma tana buɗe wata ƙofa ta wucin gadi mai babbar lamba, misali 51544, kuma can amsar za ta koma. Linux na zaɓa tsakanin 32768 da 60999, Windows na zamani tsakanin 49152 da 65535. In Outbound rules na Network ACL sun yarda da 22, 80 da 443 kawai, buƙatarka za ta shiga, na'urar ta amsa, amsar ta mutu a bakin sabnet, kai kuma ka ga "timed out". Gyaran shi ne dokar fita ta TCP daga 1024 zuwa 65535. Haka in na'urar ce ke neman abu a waje, sai an buɗe wannan zango a ɓangaren shiga. Network ACL da ke zuwa tare da VPC tana barin kome ya wuce, amma wadda ka ƙirƙira da hannunka tana hana kome har sai ka rubuta mata dokoki. In ba dole ba, a bar ta yadda ta zo, a yi tsaron da Security Group.

A Azure, katangar da ake kira NSG tana tuna haɗi, amma tana da fifiko daga 100 zuwa 4096, ƙaramar lamba ke fara aiki. Ana iya manna ɗaya a sabnet, wata a katin sadarwa, kuma dole duka biyun su yarda. Effective security rules a shafin katin yana nuna abin da ya haɗu. A Google Cloud dokar tana kan VPC, ana nufa ta da alamar da ake kira network tag. Doka ta ce http-server, na'urar ba ta ɗauke da alamar, shi ke nan ba ta shafe ta ba. Mai shiga ta maɓallin SSH na burauza ta hanyar IAP, mashigar Google mai tantance mai shiga, kuma sai ya buɗe ƙofa ta 22 ga 35.235.240.0/20.

In ido ya gaji, bar kayan aikin su duba

Reachability Analyzer na AWS yana karanta saitin daga Internet Gateway zuwa na'urarka, ya faɗi sunan dokar ko teburin da ya toshe. Ba ya aika fakiti na gaske, saboda haka bai san abin da ke cikin Ubuntu ba. Takwarorinsa su ne IP flow verify a Network Watcher na Azure da Connectivity Tests a Google Cloud.

VPC Flow Logs kuma yana rubuta abin da ya faru da gaske. Kunna shi a kan katin na'urar, ka zaɓi tazarar minti 1 maimakon 10, ka gwada haɗi, ka ɗan jira. Nemo adireshinka a rajistar. REJECT a kan mai shigowa na nufin ɗaya daga katangun biyu ta hana. ACCEPT a shiga sannan REJECT a fita aikin Network ACL ne, tunda Security Group ba ta hana amsa. ACCEPT a duka biyun na nufin ka koma cikin na'urar. In ba ka ga adireshinka ba ko kaɗan, fakitin bai iso ba, koma kan adireshi da teburin hanyoyi.

Shiga na'urar ba tare da SSH ba

Fara da Actions, Monitor and troubleshoot, Get system log. Ba ka buƙatar shiga don karanta shi. Nemo "emergency mode", wanda yawanci layi mara kyau a /etc/fstab ke jawowa, ko "Out of memory", ko kukan cloud-init na kasa samun sadarwa.

Session Manager yana ba ka tagar umarni ba tare da buɗe wata ƙofar shiga ba, in dai manhajarsa ta cikin na'urar, SSM, na aiki, na'urar na da izinin IAM, tsarin ba da izini na AWS, kuma tana iya fita ta 443. EC2 Serial Console ba ya buƙatar sadarwa ko kaɗan, amma yana aiki ne a na'urorin Nitro irin su t3 da m5, ban da t2, sai an kunna shi a asusun, kuma zai tambaye ka kalmar sirri. Ubuntu na gajimare ba ya zuwa da ita. A saita ta da sudo passwd ubuntu tun na'ura na lafiya, don ranar da aka kulle ba a iya yi. Azure da Google Cloud ma suna da irin wannan taga.

Da ka shiga, bi wannan jeri:

ip -br addr
ip route
sudo ss -tlnp
sudo ufw status verbose
sudo iptables -S
df -h

A na farko ka ga katin, sau da yawa ens5 ko eth0, yana UP da adireshin cikin gida irin 10.0.1.25. Ba za ka ga adireshin waje a nan ba, kuma daidai ne: Internet Gateway ke musanya shi a hanya. Shi ya sa manhajar da aka ce ta saurara a adireshin waje take ƙin tashi. In katin ba shi da adireshi, duba /etc/netplan, musamman 50-cloud-init.yaml. Faifan da aka kwafo daga wata na'ura yakan zo da tsohon sunan kati ko tsohuwar lambar MAC a ciki. Bayan gyara yi amfani da sudo netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 in ba ka tabbatar ba.

A na biyu dole a sami layin default via, yana nufar adireshi na farko bayan tushen sabnet, misali 10.0.1.1.

Na uku shi ke warware yawancin "refused". Duba abin da ke gaban lambar ƙofar. 0.0.0.0:8000 na nufin manhajar na sauraron kowa. 127.0.0.1:8000 na nufin na'urar kaɗai take ji, kuma haka Flask, Django a yanayin gwaji, PostgreSQL da Redis suke tashi in ba a ce musu wani abu ba. Ga rumbun bayanai wannan kariya ce, kar a yi gaggawar cire ta. In SSH ne babu a jerin, sudo sshd -t zai nuna layin da ya lalace a saitinsa, journalctl -u ssh kuma ya faɗi dalilin mutuwarsa. A Ubuntu 24.04, bayan canza lambar ƙofa a sshd_config, sai an yi systemctl daemon-reload da systemctl restart ssh.socket kafin canjin ya kama.

Katangar ciki, wato ufw ko iptables, tana da nata tarkuna. ufw enable kafin a yarda wa SSH yana kulle mai gida a waje. fail2ban a saitinsa na asali yana korar adireshi na minti 10 bayan kuskure 5, kuma mai layin waya yana iya gadon adireshin da aka kora saboda wani. fail2ban-client status sshd zai nuna jerin. Ubuntu na Oracle Cloud yana zuwa da dokokin iptables da ke mayar da kusan kome ban da SSH, don haka buɗe 80 a shafin kamfanin kaɗai ba ya isa. Docker kuma akasin haka yake yi: ƙofar da ka fitar da -p tana tsallake ufw.

In har yanzu ba a gane ba, tcpdump ne alƙali:

sudo tcpdump -ni any tcp port 443

Bar shi yana gudu, ka gwada daga waje. In ba abin da ya bayyana, an tare fakitin kafin ya iso. In alamar S, wato neman haɗi, na shigowa ba amsa, katangar ciki ce ko hanyar komawa. S da R a bayansa, wato an ƙi haɗin, ba mai sauraro. In na'urar na ta maimaita S mai ɗigo, wato amsar yarda da haɗi, ba a amsa mata, amsarta ce ke mutuwa a waje, koma kan Network ACL.

Idan fita ce ta gagara

Wani lokaci kana shiga lafiya, amma apt update ya tsaya. Raba matsalar gida biyu:

curl -m 5 -I https://1.1.1.1
resolvectl query ubuntu.com

In na farko ya yi, na biyu ya ƙi, matsalar DNS ce, wato fassara suna zuwa adireshi, kuma saƙonta shi ne "Temporary failure in name resolution". A Ubuntu /etc/resolv.conf na nuna 127.0.0.53, wanda ɗan aike ne kawai. resolvectl status ke nuna sabar gaske. A AWS tana adireshi na biyu bayan tushen VPC, wato 10.0.0.2 ga 10.0.0.0/16, ana kuma samunta a 169.254.169.253. Security Group da Network ACL ba sa tace hanyar zuwa gare ta, don haka nemi laifin a saitin DNS resolution na VPC, a DHCP option set da aka canza, ko a ufw da aka sa ta hana fita ta 53. Ta Azure tana 168.63.129.16, ta Google Cloud tana 169.254.169.254. Toshe waɗannan adireshi da iptables yana lalata fiye da DNS.

In duka biyun sun ƙi, hanya ce. Na'urar da ke sabnet na fili amma ba ta da adireshin waje ba ta fita ta Internet Gateway. Wadda ke sabnet na ɓoye tana buƙatar NAT Gateway, shi kuma dole ya zauna a sabnet na fili da Elastic IP. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye shi a cikin sabnet na ɓoyen da yake yi wa hidima. In curl -4 na aiki amma curl kaɗai na jinkiri, na'urar na gwada IPv6 ne ba tare da hanyar ::/0 ba.

Ƙofa ta 25 ta aika imel a toshe take daga kamfanin kansa a AWS da Google Cloud, haka ma a yawancin asusun Azure. Ba dokar da za ka rubuta ta buɗe ta. A bi ta 587 da sabis ɗin aika imel, ko a AWS a cika takardar neman a ɗage takunkumin.

Haɗin da ke yi yana tsayawa

Waɗannan sun fi cin rai, domin duk gwajin da ke sama zai ce lafiya.

Alama ta farko: SSH na shiga, ƙananan umarni na aiki, amma da ka buɗe dogon fayil sai taga ta daskare. Ko ssh -v ya tsaya a layin "expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY". Girman fakiti ne, wato MTU. Na'urorin EC2 da yawa suna tashi da 9001, Internet Gateway 1500 yake ɗauka, VPN na AWS tsakanin ofis da gajimare 1446, WireGuard 1420, VPC na Google Cloud kuma 1460 a asali. A ƙa'ida, wanda fakiti ya yi wa girma yana mayar da saƙon ICMP cewa a rage. In an toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, saƙon ba ya isowa, manyan fakiti su riƙa ɓacewa. Gwada:

ping -M do -s 1472 8.8.8.8

1472 da 28 na kan fakiti su ne 1500. In ya ƙi, riƙa rage lambar har ya wuce, ka ƙara 28, ka sami girman da hanyar ke ɗauka. Gwada shi da sudo ip link set dev ens5 mtu 1400 ko lambar da ka samu, in ya warware ka rubuta shi a netplan. Ka kuma bar ICMP nau'i na 3 lamba ta 4 ya riƙa shigowa.

Alama ta biyu: haɗi na mutuwa in an bar shi shiru. NAT Gateway na AWS yana mantawa da haɗin da ya yi daƙiƙa 350 ba motsi, Azure kuma minti 4 ne a asali. Linux ba ya aika fakitin raya haɗi sai bayan daƙiƙa 7200, ya makara ƙwarai. Ga SSH, sa ServerAliveInterval 60 a ~/.ssh/config. Ga manhajar da ke riƙe haɗi da rumbun bayanai, rage net.ipv4.tcp_keepalive_time zuwa ƙasa da iyakar, ka tabbata manhajar ta kunna wannan tsari a haɗinta.

Alama ta uku tana zuwa ne lokacin cunkoso. dmesg zai nuna "nf_conntrack: table full, dropping packet" in teburin Linux ne ya cika. In iyakar AWS ce aka taɓo, ethtool -S ens5 | grep exceeded zai nuna lambobin da ke hawa, na faɗin hanya, na yawan fakiti ko na yawan haɗi. Iyakar AWS ba saiti ke gyara ta ba, sai babbar na'ura ko raba nauyi.

Tsakanin na'ura da na'ura

Na'urori biyu a VPC ɗaya su yi magana da adireshin cikin gida. In doka ta ambaci wata Security Group a matsayin Source, adireshin cikin gida kawai take ganewa, mai zuwa ta adireshin waje baƙo ne a wurinta. A VPC peering dole a rubuta hanya a teburan ɓangarorin biyu, zangon adireshinsu kada ya hau kan juna, kuma haɗin ba ya ƙetarawa: A da B, B da C, ba ya nufin A na ganin C. Guji ba VPC zangon 172.17.0.0/16, domin shi Docker ke ɗauka, amsoshi su riƙa shigewa docker0 maimakon fita. Na'urar da ke aikin VPN ko NAT kuma sai an kashe mata Source/destination check, an sa net.ipv4.ip_forward=1.

In duk hanyoyin shiga sun rufe

Saura gyara ta faifai. Ɗauki hoton faifan da Create snapshot tukuna. Rubuta Root device name na na'urar, a Ubuntu /dev/sda1 ne, a Amazon Linux /dev/xvda. Tsayar da ita, kana sane da cewa adireshin waje zai canza in ba Elastic IP ba ne, kuma abin da ke faifan wucin gadi na instance store zai tafi. Cire faifan da Detach volume. Tayar da ƙaramar na'ura a Availability Zone ɗaya da faifan, don faifan AWS, EBS, ba ya ƙetare shiyya. Manna shi a matsayin /dev/sdf. lsblk zai nuna shi, a Nitro da suna irin nvme1n1.

sudo mount /dev/nvme1n1p1 /mnt

In XFS ne ya ƙi hawa saboda lambarsa ta yi daidai da ta faifan na'urar ceton, ƙara -o nouuid. Kada ka sake kunna na'urar ceton faifan na manne, tana iya tashi daga shi in daga hoto ɗaya aka yi su.

Yanzu gyara abin da ya kulle ka. In ufw ce, mayar da ENABLED=no a /mnt/etc/ufw/ufw.conf. In fstab ne, sa # a gaban layin ko ƙara masa nofail. In makulli ne ya ɓata, ƙara sabon a /mnt/home/ubuntu/.ssh/authorized_keys. Karanta /mnt/var/log/syslog da auth.log tun kana nan. Sannan sudo umount /mnt, cire faifan, mayar da shi ga na'urarsa da ainihin sunan da ka rubuta, in ba haka ba za ta ƙi tashi.

Da ka samu shiga, yi sudo ufw allow OpenSSH kafin ufw enable, ka bar tagar farko a buɗe, ka gwada shiga ta taga ta biyu kafin ka rufe ta. Goge na'urar ceton, kashe Flow Logs in ba ka buƙatarsa, ka cire duk dokar 0.0.0.0/0 da ka ƙara lokacin bincike.